Faifai Ya Ɓace ko Windows Ta Ƙi Tashi? Jagorar Gyaran Fatishan a Kwamfuta Mai Faifai Fiye da Ɗaya

Tun da aka shiga yayin ƙara SSD, sabon irin faifai mai sauri da ba ya juyawa, a kan tsohon faifan kwamfuta, ƙorafin da ake kawo mini bai wuce kala huɗu ba. "Injiniya, D ɗina ya ɓace." "Na cire tsohon faifai, Windows ta ƙi tashi." "Ta ce wai sai na yi fomat." "C ya cika ya yi ja, alhali ga wuri nan birjik a ɗaya faifan." Masu haɗa bidiyo a Zoo Road, masu shagon buga takardu a bakin jami'a, ɗalibai masu rubuta furojet, duk maganar ɗaya ce. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. A yawancin faifan da ke zuwa hannuna, ba matsalar ce ta cinye fayiloli ba, gyaran da aka fara yi ne ya cinye su. Fatishan kamar katangar filawud ce da ake raba shago da ita, kuma a farkon kowane faifai akwai ɗan jadawali da ke cewa wannan ɗaki daga nan ya fara, a nan ya ƙare. In jadawalin ya lalace, kaya suna nan a ɗakunansu, ƙofar ce kawai Windows ta daina gani. Mai gaggawa shi ke rushe shagon. Don haka ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake zuwa wanda ya fi kama da matsalarka kafin ka gama huɗun farko.

Abin da za ka tanada

Faifai na daban mai wurin da zai ɗauki duk abin da kake son ceto. Shi ne abu mafi tsada a aikin nan, kuma ba shi da madadi. In ba halin saye, ka ara na kwana biyu.

Filash mai aƙalla 8GB da za a ɗora masa fayil ɗin sanya Windows. Komai na cikinsa zai goge, ka kwashe tukuna.

Kebul ko akwatin USB na haɗa faifai ta waje. Na laftof, mai inci 2.5, wutar USB ta ishe shi. Babba na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, sai da adafta mai ba da volt 12, in ba haka ba ko motsi ba zai yi ba, ka ɗauka ya mutu.

Sukuddireba ƙarama, salatif na takarda da biro.

Manhajoji uku: CrystalDiskInfo, TestDisk da GParted. Dukkansu kyauta ne, kuɗin data kawai za ka kashe, kuma fayil ɗin Windows ne mai cin data sosai, don ya haura 5GB. Ka sauke kowace daga shafinta na asali. Manhajar ceto fayil da aka fasa, irin wadda ake turawa a filash hannu zuwa hannu, sau da yawa da bairos take zuwa.

Sai wuta. Laftof ya zama batirinsa na riƙe caji, kwamfutar tebur kuwa sai da UPS ko inbata. A ɗauke wuta ana tsakiyar matsar da fatishan ya fi matsalar da ka fara da ita muni.

Kayan nan duk ana samu a Beirut Road da kasuwar Farm Centre. Farashinsu yana bin dala, don haka ka taya a shago uku kafin ka biya. Kebul ɗin USB bai kai kusa da kuɗin faifai ba. In faifai na hannu za ka saya, ka sa a gwada maka shi da CrystalDiskInfo a gabanka, ka ga lafiyarsa da yawan awannin da ya yi yana aiki.

1. Tsaya, kada ka amsa kowace tambaya

Akwai saƙonni biyu da Windows ke fitarwa waɗanda suka fi komai jawo kuka. Na farko yana cewa You need to format the disk before you can use it. Na biyu yana fitowa in ka buɗe Disk Management, yana cewa You must initialize a disk. In faifan yana da kayanka a ciki, amsar duka biyun Cancel ce. Sabon faifai fil da aka ɓare daga leda shi kaɗai ake yi wa Initialize.

Daga wannan lokaci kada ka ajiye komai a kan faifan da ke da matsala, kada ka sanya wata manhaja a kansa.

Gargaɗi: in SSD ne abin ya shafa, lokaci ba ya gefenka. SSD yana da tsarin da ake kira TRIM, mai share gurbin abin da aka goge don ya ci gaba da gudu. Fomat da aka yi bisa kuskure a faifai mai juyawa ana iya ceto shi ko bayan kwanaki, amma a SSD yakan tafi cikin ɗan lokaci. Kashe kwamfutar nan take.

2. San wane ne wane

Wannan shi ne matakin da ya bambanta kwamfuta mai faifai da yawa da mai guda ɗaya, kuma a nan na taɓa ƙonewa.

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta diskmgmt.msc, danna Enter. A ƙasan tagar za ka ga Disk 0, Disk 1, Disk 2, kowanne da girmansa. Ɗauki hoton tagar da wayarka kafin ka taɓa komai. Sannan ka danna dama a kan sunan kowane faifai, ka shiga Properties, ka rubuta sunan kamfani da lambar samfurinsa a takarda. In ka buɗe kwamfutar, ka manna salatif a jikin kowanne ka rubuta abin da ke ciki.

Girman da za ka gani ba zai yi daidai da na kwali ba, kuma ba cuta aka yi maka ba. Faifan 1TB yana nuna 931GB, na 500GB yana nuna 465GB, na 256GB yana nuna 238GB, na 2TB kuma 1863GB. Kamfanoni da dubu suke lissafi, Windows da 1024.

Lambobin nan na 0, 1, 2 ba sunan yanka ba ne. Suna iya sauyawa in ka canza kebul, ko ka soka filash, ko ka tashi kwamfutar daga filash ɗin Windows. Haka haruffa: abin da yake C a cikin Windows yana iya zama D ko E a wurin gyara. A farkon shigata sana'ar nan, wani dattijo mai ɗaukar hoton biki ya kawo kwamfuta mai faifai biyu, kamfani ɗaya, kowanne 500GB. Ɗaya za a goge, ɗaya kuma yana ɗauke da bikin mutane har uku da ba a kai musu ba. Na ga 465 da 465, na zaɓi wanda nake zato a cikin diskpart, manhajar Windows da ake sarrafa faifai da ita ta rubuta umarni, na rubuta clean, umarnin gogewa. Da na gane abin da na yi, sai da gumi ya jiƙa mini riga. Na ce, "Baba, don Allah a ba ni zuwa gobe." Ya dube ni ya ce, "Yaro, in ce dai lafiya?" Allah ya rufa asiri, clean jadawali kawai yake sharewa, kuma ban rubuta komai a kai ba, TestDisk ta dawo da shi a daren. Da clean all na rubuta, wanda ke bin faifai gaba ɗaya da sifili, da sai dai a je ba wa amare uku haƙuri.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk faifan da ba shi ake gyarawa ba, a zare kebul ɗinsa. Minti biyar ne aikin. In laftof ne da ba ka iya buɗewa, to a cikin diskpart, bayan select disk, kullum ka rubuta detail disk ka karanta sunan faifan da idonka kafin umarni na gaba.

3. Duba ko kwamfutar ma tana ganinsa

In faifan bai fito a Disk Management ba sam, matsalar ba ta fatishan ba ce tukuna. Sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, allon saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi: danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In can ma babu shi, sai a koma kan waya da soket.

Kashe, zare wuta, cire kebul ɗin SATA da na wuta ka sake sokawa da kyau. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ka hure soket ɗin. Gwada wani kebul, gwada wani soket a madabod. A laftof da aka cire DVD aka sa faifai na biyu a gurbinsa, akwatin da ke riƙe da faifan ne ya fi yawan kawo tsiya. Kaurinsa iri biyu ne, 9.5mm da 12.7mm, kuma wanda bai dace ba ba ya zama daram. Wasu suna da ɗan makunni a ciki, matsar da shi kan sa faifan ya bayyana.

Abu biyu game da M.2, ɗan siririn SSD ɗin nan mai kama da cingam. Iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma wani soket ɗin ɗaya kawai yake karɓa ko da ɗayan ya shiga. Na biyu, a madabod da yawa, da zarar ka sa M.2, ɗaya daga cikin soket ɗin SATA yana daina aiki domin hanya ɗaya suke rabawa. In tsohon faifanka ya ɓace a ranar da ka sa sabon M.2, mayar da kebul ɗinsa wani soket kafin ka zargi kowa.

Gargaɗi: in ka ga wurin da aka rubuta RAID ko AHCI a BIOS, kada ka sauya shi don gwaji. Windows da aka sanya a ɗaya takan ƙi tashi a ɗayan, ta ba ka shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE. In ka riga ka sauya, mayar da shi yadda yake.

4. Auna lafiyarsa, sannan ka kwafa

Buɗe CrystalDiskInfo. Za ta nuna kowane faifai da hukuncinsa: Good da shuɗi, Caution da rawaya, Bad da ja. Layuka uku ne abin dubawa a faifai mai juyawa: Reallocated Sectors Count, Current Pending Sector Count da Uncorrectable Sector Count. In sun tashi daga sifili, musamman na biyun, faifan ya fara ruɓewa, kuma shi ne ya lalata fatishan ɗin. Gyara jadawali a kan irin wannan faifai kamar yin fenti ne a katangar da ruwa ya ci gindinta.

Kasa kunne kuma. Ƙarar ƙwas-ƙwas mai maimaituwa, ko faifai ya tashi ya mutu ya sake tashi, alama ce ta lalacewar ƙarfen ciki. Kashe shi. Kowace kunnawa tana ƙara kankare farantin. Kada ka buɗe murfinsa, kada ka sa shi a firij kamar yadda wasu ke ba da shawara. Wannan aikin masu ceto bayanai ne da kayan aikinsu, kuɗinsa kuma yakan ninka na sabon faifai, sai ka auna ko abin da ke ciki ya kai.

In faifan yana buɗuwa ko da a hankali, kwafe mafi muhimmanci farko: takardu, furojet, aikin mutane. Fina-finai su jira. Ga mai Caution da ke maƙalewa, manhajar ddrescue ta Linux ce ta fi dacewa, domin tana kwashe wurare masu lafiya tukuna ta dawo kan masu ciwo daga baya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ka kunna wa faifan fanka in kwafin zai ɗauki awanni.

Gargaɗi: kada ka kunna chkdsk, manhajar Windows mai duba kurakuran faifai, a kan faifai mai Caution kafin ka kwafa. Tana wahalar da shi, kuma in ta ci karo da abin da ba ta gane ba takan yanke shi ta zuba a wata folda da gutsattsarin da ba su da suna.

5. Karanta abin da aka rubuta a kansa

Yanzu koma Disk Management. Kalmar da ke jikin faifan ita za ta gaya maka inda za ka nufa.

Healthy amma babu harafi. Wannan ce mafi sauƙi, kuma ita ce rabin "D ɗina ya ɓace". Danna dama a kan fatishan ɗin, zaɓi Change Drive Letter and Paths, sai Add, ka ba shi harafi. In wata manhaja ta saba nemansa a D, mayar masa da D ɗin. Ƙananan fatishan masu 100MB ko 500MB da ɗoriya, waɗanda aka rubuta wa EFI ko Recovery, da gangan aka hana su harafi. Ka bar su.

Offline. Ɗora maus a kan ɗan alamar da ke gefe ka karanta dalili. In ka ga signature collision, ma'anarsa faifai biyu suna ɗauke da lambar shaida iri ɗaya, abin da ke faruwa bayan an kwafi tsohon faifai sukutum zuwa sabon SSD. Danna Online yana sa Windows ta canza wa na biyun lamba. In wanda aka canza wa shi ne sabon da kake shirin tashi daga kansa, zai iya ƙin tashi da lambar kuskure 0xc000000e. Hanyar da ta dace bayan irin wannan kwafi ita ce ka kashe, ka cire tsohon, ka tashi daga sabon shi kaɗai. Sai ka tabbatar komai lafiya sannan ka dawo da tsohon.

Foreign. Faifai ne da aka mayar Dynamic, wani tsarin raba faifai na Windows, a wata kwamfutar. Danna dama, zaɓi Import Foreign Disks. Windows ta Home ba ta da wannan, sai ka kai shi kan mai Pro. Kada ka zaɓi Convert to Basic Disk, yana tafiya da komai.

Read Only. A diskpart, zaɓi faifan, rubuta attributes disk clear readonly. In ya ƙi, kuma SSD ne, mai yiwuwa ya kulle kansa ne don ya kusa ƙarewa. Kwashe kayanka.

Alamar kwaɗo ko BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows. Sai da mabuɗin nan mai lamba 48. Duba asusunka na Microsoft, can ake yawan ajiye shi. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan kulle faifai da kansu ba tare da mai su ya sani ba, laftof na hannu da suka fito daga ofisoshin Turai ma wani lokaci da kwaɗonsu suke zuwa. In babu mabuɗi, babu injiniyan da zai buɗe shi, duk wanda ya ce zai iya fomat zai yi maka.

RAW, ko Unallocated, ko Not Initialized a faifan da ka san yana da kaya. Kafin ka tsorata, tambayi kanka: an taɓa amfani da shi a Linux, ko Mac, ko na'urar kyamarar tsaro? Windows ba ta karanta tsarinsu, lafiyarsa ƙalau, mayar da shi inda ya fito. Haka in an fasa akwatin faifan waje aka ciro shi aka soka kai tsaye, wasu akwatunan suna juya yadda ake karanta faifan, sai a cikinsu yake buɗuwa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, wuce mataki na gaba.

6. Dawo da fatishan da TestDisk

Fuskar TestDisk baƙin allo ne da rubutu, babu maus, sai kibiyoyi da Enter. Kada wannan ya razana ka. Ajiye ta a kan lafiyayyen faifai, buɗe testdisk_win, zaɓi Create.

Zaɓi faifan ta sunansa da girmansa, danna Proceed. Za ta nuna irin jadawalin da ta gano, Intel ga MBR, EFI GPT ga GPT (su ne irin jadawali biyu, tsoho da sabo, bayaninsu yana mataki na 8). Yawanci zaɓinta daidai ne, ka bar shi. Sai Analyse, sai Quick Search.

In ta jero fatishan, sa haske a kan wanda kake nema ka danna P. Nan ne gaskiya ke fitowa: in ka ga sunayen foldojinka, kayanka suna nan. Kada ka yi saurin gyara. Danna a don zaɓar duka, danna babban C, nuna mata ɗaya faifan, ka bar ta ta kwafe. Sai an gama, ka buɗe fayil biyar ko goma ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka koma ka zaɓi Write don ta rubuta jadawalin, ka sake kunna kwamfutar.

In Quick Search bai samo ba, akwai Deeper Search. A faifan 1TB ta USB yana iya cinye yini, ka tanadi wuta. Zai iya tono tsofaffin fatishan na shekarun baya da suka hau kan juna. P ce alƙali: wanda ya nuna fayilolinka na yanzu shi ne naka.

Ga fatishan da yake nan amma ya zama RAW, shiga Advanced, zaɓe shi, sai Boot. NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, tana ajiye kwafin shafinta na farko a ƙarshen fatishan. In TestDisk ta ce na farkon ya lalace amma na ajiyar lafiya, zaɓi Backup BS. Sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da faifan da aka zare ana tsakiyar rubutu ko wuta ta ɗauke a kansa.

In duk sun faskara, PhotoRec tana cikin folda ɗaya da TestDisk. Tana tsinto hotuna, bidiyo da takardu, amma babu suna babu folda, sai ka zauna tantancewa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Gargaɗi: ko da wasa kada ka ajiye abin da aka ceto a kan faifan da ake cetowa. Kana taka abin da kake nema ne.

7. Windows ta ƙi tashi bayan an cire faifai ɗaya

Wannan tarko ne da ke kama har masu gyara. In aka sanya Windows a sabon SSD alhali tsohon faifai yana haɗe, mai sanyawar yakan ga akwai fatishan na tashi a tsohon, sai ya yi amfani da shi maimakon ya yi sabo. Windows tana SSD, mabuɗin tayar da ita yana tsohon faifai. Ranar da aka cire tsohon, ko aka yi masa fomat, ko ya mutu, sai allo ya ce babu abin tashi.

Fara da mai sauƙi: wataƙila jerin tashi ne ya rikice. Danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, zaɓi Windows Boot Manager ko sunan SSD ɗin. In ta tashi, gyara jerin a BIOS.

In ba haka ba, mayar da tsohon faifai, tashi Windows, duba Disk Management. Fatishan mai EFI System Partition, a wane faifai yake? In ba ya tare da C, ga gyaran. Danna Windows da R, rubuta msinfo32, ka tabbatar BIOS Mode yana cewa UEFI, wato sabon tsarin tashi, ba Legacy na da ba. In akwai BitLocker, dakatar da shi, mabuɗin kuma ya zama yana hannunka. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

diskpart
list volume
select volume C
shrink desired=300
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Layin shrink yana gutsuro 300MB daga C, na gaba yana gina ɗan ɗakin tashi a wurin, na ƙarshe yana zuba masa fayilolin tashi. Kashe, zare tsohon faifai, kunna.

Gargaɗi: layin format yana aiki ne a kan abin da aka zaɓa a lokacin. In create partition ya ba da kuskure, tsaya cak, kada ka rubuta format, domin zaɓin yana kan C har yanzu. In daga filash ɗin Windows kake aikin, inda Shift da F10 ke buɗe baƙin allo, haɗarin ya fi yawa, kuma harafin Windows ɗin ma sai ka nemo shi da dir C:, dir D:, har ka ga folda mai suna Windows, ka sa wannan harafin a madadin C.

In msinfo32 ya ce Legacy, babu zancen EFI. Rubuta bcdboot C:\Windows /s C: /f BIOS, sannan a Disk Management ka danna dama a kan C ka zaɓi Mark Partition as Active. C kaɗai, ba wani ba.

Nan gaba, duk ranar da za ka sanya Windows, faifai ɗaya tak ka bari a haɗe.

8. Rikicin MBR da GPT

Alamominsa uku ne. Faifan 3TB ko 4TB ya tsaya a 2048GB, sauran ya ƙi taɓuwa: MBR ne, iyakarsa 2TB. Ka yi fatishan huɗu, na biyar ya ƙi: MBR ne, manyan fatishan huɗu yake ɗauka, GPT kuwa har 128. Ko mai sanya Windows ya ce ba zai iya ba saboda faifan GPT ne ko MBR ne: yadda ka tayar da filash ɗin ne bai dace da faifan ba. UEFI da GPT suke tafiya, Legacy da MBR. Sau da yawa sake tashi ka zaɓi filash ɗin da aka rubuta UEFI a gaban sunansa ya wadatar, ba sai an goge komai ba.

A diskpart, in ka rubuta list disk, tauraro a ƙarƙashin Gpt shi ke nuna GPT. Faifan ajiya kawai, kwashe kaya, share fatishan ɗinsa, danna dama ka zaɓi Convert to GPT Disk. Faifan da Windows ke kai kuma akwai mbr2gpt, wadda ta zo tun Windows 10 ta 2017, tana juyawa ba tare da gogewa ba. A Command Prompt na Administrator, fara da mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS, ka sa lambar faifanka a gurbin 0. In ya wuce, canza validate zuwa convert, sannan ka shiga BIOS ka mayar da shi UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Ba ta karɓar faifai mai fatishan sama da uku. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 UEFI take buƙata, wannan aikin ya yawaita. Ka tabbatar kwamfutar tana da UEFI kafin ka juya, tsofaffi sosai ba su da shi.

Gargaɗi: in Windows ta yi maka tayin mayar da faifai Dynamic don ta ƙara fatishan, ce No. Shiga da sauƙi, fita sai an kwashe komai.

9. C ya cika, Extend Volume ya ƙi dannuwa

Windows ba ta faɗaɗa C sai in akwai fili Unallocated manne da shi ta dama, a faifai ɗaya. Filin da ke wani faifan ba ya shiga lissafi. Yawanci ɗan fatishan na Recovery ne ke tsaye a tsakani, ko kuma D.

Ra'ayina, wanda ke da faifai biyu bai cika buƙatar taɓa fatishan ba. Danna dama a kan foldar Downloads, shiga Properties, sai Location, sai Move, ka nuna mata wata folda da ka buɗe a faifai na biyu. Yi wa Videos, Pictures da Documents haka. Folda za ka nuna, ba D tsurarsa ba, in ba haka ba za ta rikita maka faifan duka. Umarnin powercfg /h off ma yana sakin gigabait da dama, ya kuma kashe Fast Startup, wanda ke barin faifai a rabin barci har Linux ta ƙi rubutu a kansa.

In dole sai an faɗaɗa, GParted ce ke iya matsar da fatishan. Ɗora ta a filash, tashi daga kanta, zaɓi faifan a kusurwar sama ta dama. A nan sunayen sda, sdb da nvme0n1 ne, don haka girma da sunan kamfani za ka bi. Ja Recovery zuwa ƙarshen dama, danna Apply, koma Windows ka yi Extend Volume. Kafin haka, kwafi ya zama yana gefe, an cire BitLocker gaba ɗaya, caja tana jiki. Matsar da Recovery minti kaɗan ne. Matsar da D mai ɗauke da 400GB kuwa awanni ne, kuma in janareta ya shanye mai a tsakiya, D ɗin ya tafi. Ga irin wannan na fi son in kwashe D zuwa wani faifai, in share shi, in faɗaɗa C, in sake gina D da abin da ya rage, in mayar da kayan. In ka zo ginawa, zaɓi NTFS. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya haura 4GB, bidiyon biki ɗaya ma ya fi ƙarfinsa.